Yadda za ka saba wa cikinka da wake ba tare da kumburi ba

Mutane da yawa sun ƙaurace wa wake saboda kumburin ciki, kuma abin yana damuna, don da wuya ka samu abincin gina jiki mai arha kamarsa. Kumburin nan da dalilinsa. A cikin wake akwai wasu nau'o'in sukari, rafinos da istakiyos, da jikin ɗan Adam ba shi da enzayim ɗin farfasa su. Enzayim kamar wuƙa yake, sai dai kowanne da abu guda da yake iya yankawa. Namu na narkar da sitaci da sukari ba su kai 20 ba, amma bakteriya (ƙananan halittun da ido ba ya gani) ɗaya tak ta cikin hanji, Bacteroides thetaiotaomicron, tana da fiye da 200. Saboda haka sukarin wake yakan wuce ƙaramin hanji yadda ya shiga, ya isa babban hanji, bakteriya su yi masa caa. Daga aikinsu iska take fitowa, daga shi kuma butiret yake fitowa, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa.

Da farko, rage musu aiki tun daga tukunya. A jiƙa wake cikin ruwa mai yawa ya kwana, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a ɗora da sabon ruwa. Wannan sukari yana narkewa a ruwa, don haka wani ɓangarensa yana bin ruwan jiƙon. A dafa shi ya yi luguf.

Na biyu, a nan ake buƙatar haƙuri. Wanda ya yi wata bai ci wake ba, ya zo ya share kwanon garau-garau a zama ɗaya, dole cikinsa ya yi ƙugi. Fara da cokali biyu ko uku a kullum, bayan mako guda ka ƙara kaɗan. Bakteriyar da take samun abincinta a kai a kai ita ke yaɗuwa, kuma ga mutane da yawa kumburin yana lafawa cikin 'yan makonni. A 2010 masu bincike daga Italiya sun kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence. Hanjin yaran ƙauyen cike yake da bakteriyar Prevotella, gwanar farfasa dusar hatsi, kuma irin su butiret sun fi yawa a bahayarsu. Abin da suke ci shi ne tuwonmu da miyarmu.

Na uku, riƙa sauya cima, tunda kowace bakteriya da abin da take iya yanka: yau kuka, gobe kuɓewa, jibi kwaɗon zogale, kuma kada a surfe gero har a raba shi da dusarsa ƙal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake da enzayim ɗinmu ba sa narkarwa. Ɗumame ma yana da rabonsa, don idan tuwo ya huce wani ɓangare na sitacinsa yakan taurare, ya gagari enzayim ɗinmu, ya isa ga bakteriya. Sai dai a ɗumama shi ya yi zafi har ciki, kuma kada a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana a waje cikin zafi.

Na huɗu, daina sayen kafso na antibayotik a kemis don ciki ya murɗa. Yana kashe bakteriya masu cuta da masu amfani tare, a sha shi kawai idan likita ya rubuta. Idan kuwa kumburin ya zo da jini a bahaya, ko ramewa ba dalili, ko ciwon da ya ƙi tafiya, wannan ba na wake ba ne, a je asibiti.