Yadda za ka rubuta zaman shirin ceto a labarin zamanin da

Duk mai rubuta labarin jarumta na zamanin da sai ya zo kan wannan babin, wato an kama wani nasu, abokan tafiya sun zauna cikin dare suna shawarar yadda za su je su ƙwato shi. A nan nake gane ko marubuci ya san abin da yake yi ko kuwa fim kawai yake juyewa da Hausa. Ni ma na taɓa kwafsawa, shi ya sa nake da bakin magana. Na rubuta jarumina yana cewa "ƙarfe biyun dare za mu haura", a labarin da na ce ya faru zamanin basasar Kano, na zauna ina karanta wa kawuna har da gyara murya, ya bari sai da na kai aya sannan ya ce, "To ɗan nan, agogon wa suka duba?" Wallahi ranar ko tuwon dare ban ci da daɗi ba.

To abu na farko, ka kafa ƙafarka a gari ɗaya da shekara ɗaya. "Wani gari a zamanin da" ba zai ba ka komai ba, domin dabara daga wuri take fitowa. Bari mu ɗauki Kano ɗin dai. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan tsohon sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai tare da ɗan'uwansu Yusufu, Yusufu ya rasu ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci ya shigo birni a 1894, Tukur ya gudu Kamri har aka kashe shi a 1895. A cikin wannan hargitsin an kama mutane da yawa an sayar, har da 'ya'ya waɗanda ba bayi ba. Ka ga ka samu dalilin kamun ba tare da ka ƙirƙiro wani mugun boka mai jan ido ba. Sai mu ce yarinya ce aka kamo daga wani ƙauye a kudancin Kano, tana tsare a gidan wani dillali kusa da kasuwar Kurmi, lokacin hunturu.

Yanzu kafin kowa ya zare takobi akwai ƙofar da dole ka rufe, kuma mafi yawanmu mantawa muke yi da ita: fansa. Mutanen da in an kama nasu ba haura katanga ce ke fara zuwa musu a rai ba, bincike suke a gano inda yake, a nemi mai shiga tsakani, dangi su yi karo-karo a biya. In kuma ɗa ne Musulmi ana iya kai ƙara gaban alƙali. Mai karatun da ya san wannan zai tambaye ka me ya hana su. Sai ka ba shi amsa a cikin zaman, ka bar wani dattijo ya kawo maganar, ya ma dage a kanta. Wataƙila kuɗin ya fi ƙarfinsu, ka tuna wuri ake kashewa, dubu 20 ne keso ɗaya, kuma kaya ne na ɗauka a jaki, ba abin da za a soke a aljihu ba. Wataƙila danginta 'yan ɓangaren da aka ci da yaƙi ne, duk wanda ya je gaban alƙali shi ma ya kai kansa. Ko kuma lokaci ne babu, don an riga an yi cinikinta da wani Balaraben Gadamus na Dandalin Turawa kuma ayari zai ɗaga arewa nan da kwana uku. Af, ka lura, a lokacin in an ce Bature Balarabe ake nufi, ɗan Turai kuwa Nasara ne.

Wannan kwana ukun shi ne wutar da ke ƙarƙashin tukunyar. In babu wa'adi zaman zai koma hirar bakin titi.

Sai mutanen. Kada ka tara jarumai biyar duk masu ƙirji, kowa ya iya sara, ba su da amfani a cikin birnin da ke da dogarai. Ka tambayi kanka ƙofa nawa ce tsakaninsu da yarinyar, sai ka ba kowace ƙofa mutum ɗaya. Ƙofar gari tana son wanda sarkin ƙofa ya saba ganin fuskarsa, bafatake ko mai kawo itace da jakai. Mari da ke ƙafarta yana son maƙeri, don ba da haƙori ake cire shi ba, kuma bugun ƙarfe cikin dare ƙara gare shi, nan ma ga matsala ta samu. Cikin gida kuwa, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure, wannan aikin mace ne, makitsiya ko tsohuwa mai tallan daddawa ko 'yar talla da ba wanda zai kalla sau biyu. Sai da ɗan gari kan ci gari. Ni a ganina tsohuwar nan ita ce ta fi kowa muhimmanci a zaman, ita kaɗai ta taka cikin gidan da ƙafarta, ta san ɗakin da ke kusa da rijiya, ta san uwargida ba ta shiri da amarya, ta san akwai kare. Amma sai ka ga marubuci ya ajiye ta a gefe tana kuka tana sa albarka kawai. Haba.

Kuma ka sa wanda bai yarda da tafiyar ba. Ba matsoraci na ban dariya ba, mutum mai gaskiya, mai mata biyu da 'ya'ya a gida, wanda ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da satar bawa. Duk tambayar da mai karatu zai yi, a bakinsa za ka sa ta.

Batun lokaci, tunda shi ya kayar da ni bari in ɗan daɗe a kansa. Da salla suke auna yini: asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru, lisha. Dare kuma da carar zakara da taurari, in Gamzaki ya fito an san asuba ta kusa. Wata shi ne babban abokin shawara. Ranar 14 ga wata tun magariba zai fito ya haske gari tas har kana iya tsintar allura, wannan daren ba na ɓarawo ba ne balle mai ceto. In ya kwana 21 ko 22 kuwa sai wajen tsakar dare yake fitowa, ka ga daga lisha zuwa fitowarsa suna da duhu, daga nan kuma asirinsu a fili. Sai ka ji wani ya ce "kafin wata ya fito mu kasance mun bar unguwar", ya fi ƙarfe biyun dare daɗi nesa ba kusa ba. Yanayi ma haka. Da damina dawa ta yi tsayi tana ɓoye har mai doki, amma kogin Challawa ya cika ba ya ƙetaruwa da garaje. Da hunturu an girbe gonaki fili fetal, sai dai hazo ya rufa maka asiri, masu gadi kuma sun duƙunƙune a bakin wuta, wanda ya ƙura wa wuta ido kuwa ba ya ganin abin da ke cikin duhu.

Ka share ashana, tocila, shayi, sule da takardar taswira daga babin. Ƙyastu ne da fitilar mai, guzuri fura da ƙuli-ƙuli, zanen gida kuma a ƙasa ake yinsa da tsinke, in an gama a sa tafin ƙafa a goge. 'Yan doka ma sai zamanin En'e, a nan dogarai ne.

Yadda suke magana shi ne inda labarin zai yi ƙanshin gida ko ya yi warin fassara. Saurayi ba ya miƙewa ya yi wa dattawa lacca yana nuna su da yatsa. Ko shi ne mai dabarar, ta bakin babba zai bi da ita, ya ce "Baba, da za a duba". Uba ba zai kama sunan 'yarsa ta fari ba, alkunya ta hana, "yarinyar nan" zai yi ta cewa, kuma wannan rashin kiran sunan ya fi shafi uku na hawaye taɓa zuciya. Ga ɗan misali yadda nake nufi:

Tsohuwa ta ja tsinke a ƙasa. "Nan zaure, nan turaka, nan rijiya. Tana ɗakin da ake tara dusa."

"Iya, kin gan ta da idonki?"

"Na yi mata kitso. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, marin ya ci ta."

Maƙeri ya daɗe bai ce komai ba. "In ta kumbura ba zan buga a can ba. Sai an ɗauko ta da shi."

"Wa zai ɗauki budurwa a kafaɗa ya ratsa Kurmi, Kawu?"

Malam bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja. "Yarinyar nan ba ta da nauyi," ya ce. "Tun tana ƙarama ba ta da nauyi."

Ka ga ba wanda ya ce "ina matuƙar ƙaunarta", kuma ba wanda ya zayyana shiri daga farko har ƙarshe. Kowace magana sabuwar matsala take haifarwa, haka ake so. Ana warware ɗaya wata na ɓullowa, har su kai inda kowace hanya akwai abin da za a rasa, gaba kura baya sayaki, sannan su zaɓa.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne fita. Kowa ya iya rubuta shiga. Amma badalar Kano ba katangar gidanku ba ce, a wasu wurare tsayinta ya kai ƙafa 30 ko fiye, ga rami a bayanta da sarƙaƙiya, ƙofofi kuma ana rufe su da almuru sai gari ya waye. Wato ko sun ɗauko ta da tsakar dare suna nan cikin birni a kulle tare da masu nemansu har asuba. Ina za su kwana? Nan sanin gari zai taimake ka, don ba duk cikin badala ne gidaje ba, akwai gonaki da fili mai yawa ta wajen Goron Dutse, ga kududdufai ko'ina inda aka haƙi ƙasar gini. Ta wace ƙofa za su fita? In gidansu kudu ne masu bin sawu Ƙofar Nasarawa da Ɗan Agundi za su fara tsarewa, to mai wayo sai ya ce a fita ta Mazugal ko Ƙofar Ruwa kamar masu tafiya arewa, a zagayo daga baya, ko da zai ƙara musu yini guda. Kuma a bar doki. Doki na sarauta ne da mayaƙa, kowa sai ya kalle shi, ga haniniya. Jaki da mangala ba mai tambayarsa. Sannan zanen fuskarta, ai aska shaidar asali ce, duk wanda ya ɗaga mayafin ya san daga inda ta fito.

Maganar laya da baduhu da layar zana, kada ka cire, mutanen lokacin sun yarda da su kuma ba za su fita irin wannan tafiya ba a yi addu'a ba a nemi sa'a ba. Shawarata dai ka bar su su yi imani da abin, kai kuma marubuci kada ka sa layar ta yi maka aikin. Da zarar jarumi ya ɓace bat a gaban dogarai, to me ya sa muka ɓata dare muna shawara?

Sai tambayar da aka fi yi mini: shin in faɗi duk shirin a zaman ko in ɓoye? Abin da na lura da shi shi ne, duk shirin da mai karatu ya ji dalla-dalla to dole ya lalace a babi na gaba, in ba haka ba ka sa shi karanta abu ɗaya sau biyu. Wanda kake so ya yi aiki kuwa, ɓoye shi za ka yi, amma ka bar alama. Misali tsohuwar ta ja maƙeri gefe su yi ƙus-ƙus, ko ta ce a sayo mata lalle da turmin zane ba ta faɗi dalili ba, saurayi ya yi tsaki yana ganin ɓata kuɗi ne. Can gaba da komai ya rushe, kare ya yi haushi, wata ya fito, sai a ga ashe ayarin kai amarya za a yi a fita da ita a lulluɓe da rana tsaka ana guɗa, kuma wane sarkin ƙofa ne zai buɗe fuskar amaryar mutane? Abin da zai lalata shirin farko ma ya fi daɗi in daga halin mutanen ya fito. Yarinyar ta ce ba ta tafiya sai da wani ƙaramin yaro da aka ɗaure su tare, ko saurayin ya hango wanda ya kashe yayansa a zaure ya kasa wucewa.

Tsawon babin kuma kada ya wuce kima, in ka ga sun fara maimaita abin da suka riga suka faɗa to zaman ya ƙare kai ne ba ka tashi ba. Kada ka rufe da kowa ya ɗora hannu a kan na wani ana ihu, wannan na 'yan ƙwallo ne. A shafa fatiha, tsohuwa ta goge zanen da ƙafarta, kowa ya fita ɗai-ɗai don kada maƙwabta su ankara. Wanda ya yi ta gardama tun farko shi za ka bari na ƙarshe a zauren, ya kwance 'yar jakar wurin da ke ƙugunsa ya miƙa wa mai masaukinsu, ya ce, "In ba ka gan ni ba zuwa Juma'a, ka aika wa uwar yaran."