Yadda za ka kalli gasar 'yan matan ƙwallon gora ta ƙanƙara kanka bai ɗaure ba

Ranar da na fara zama kallon ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Winnipeg ta ƙasar Kanada, abin kunya na tafka. Ana tsakiyar wasa, ba a busa usur ba, sai na ga yara uku sun tsallako katanga sun faɗo fili, wasu uku sun fice. Na miƙe tsaye ina ƙwala wa alƙalin wasa kira wai ana maguɗi. Iyayen da ke kusa da ni suka juyo suna kallona, wata tsohuwa ta yi murmushi ta miƙo mini alewa. A mota 'yata ta ce, "Abba, don girman Allah mako mai zuwa ka zauna kawai ka sha shayinka." Ni da na shafe shekaru ina tayar da jijiyar wuya a gidajen kallon ƙwallo na Sabon Garin Zariya, ga ni yarinya 'yar shekara tara tana koya mini zama.

Yanzu shekararta goma sha uku, gola ce a ƙungiyar unguwarmu, kuma duk watan Janairu hankalin gidanmu na kan tawagar 'yan matan Kanada 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙannena a gida sun gaji da ganin ina saka hotunan wasan, har ɗayansu ya ce ya gwada kallo minti biyar bai ga ko ƙwallon ba. Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan.

Gasar duniya ce ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18, ta hukumar ƙwallon gora ta ƙanƙara ta duniya, IIHF, wadda hedikwatarta ke Zurich. An fara ta a Calgary ta Kanada a 2008, kuma kusan kullum a farkon Janairu ake yin ta, cikin kwana takwas zuwa tara. Ƙasashe takwas ne a babban aji, rukuni biyu, huɗu-huɗu. Jadawalin na fita a shafin hukumar na intanet, kuma bayan kowane wasa sukan saka taƙaitaccen bidiyo a YouTube, wanda ba zai cinye maka data ba. Da shi za ka fara. Wajen lokaci kuwa ku na gida kun fi ni sa'a idan a Turai ake gasar: a Janairu agogon Suwidin da na Suwizalan ɗaya ne da na Kano da Damagaram, Finlan kuma ta riga ku da awa ɗaya tak. Ni da nake bayanku da awa bakwai, wani wasan kafin asuba yake riskata.

Abin da ya sa ƙanena bai ga ƙwallon ba, ba ƙwallo ba ce. Wani baƙin faifai ne na roba mai tauri, faɗinsa santimita bakwai da rabi, kaurinsa biyu da rabi, kamar murfin ƙaramin gwangwani. Turawa pak suke ce masa, mu a gida faifai. Kafin wasa a firiza ake ajiye shi don kada ya riƙa tsalle a kan ƙanƙara. Na taɓa ɗaukar wanda ya tsallako wurin zaman 'yan kallo, sanyinsa ya cije mini tafin hannu, nauyinsa kuma ya sa na daina mamakin jibgin kayan da ake naɗa wa gola. To, kada ka bi faifan nan da ido. Duk wanda ya zo daga ƙwallon ƙafa nan yake faɗuwa, domin mun saba ido na kan ƙwallo. A nan mutane za ka kalla. Inda kawuna suka juya, inda kafaɗu suka karkata, inda 'yan wasa biyu suka dunguma jikin katanga suna tonon ƙasa da sanduna kamar kaji, can faifan yake. Gola ma alama ce: duk inda ta fuskanta, nan haɗari yake. Sai da na yi wata biyu kafin idona ya saba, amma ranar da ya saba, sai wasan ya buɗe mini kamar an ɗage labule. Idan a waya kake kallo, ka kwantar da ita ka ƙara haske. Kwamfuta ta fi.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, biyar da gola. Zango uku ake yi, kowanne minti 20, amma agogo na tsayawa duk sanda aka busa usur, don haka ka ware awa biyu da 'yan kai. Hutun tsakanin zango ya ishe ka alwala da salla ka dawo. Canjin nan da ya ba ni kunya kuwa halal ne, kuma ba adadi. Gudu a kan takalmi mai wuƙa yana cin numfashi, shi ya sa da wuya yarinya ta cika minti ɗaya a fili ba ta koma benci ba, wata ta maye gurbinta ana cikin wasa. Laifin kawai shi ne a ƙirga a ga sun zarce adadin 'yan wasan da aka yarda a fili.

Akwai shuɗin layi biyu da suka raba filin gida uku, da jan layi a tsakiya. Satar gida a nan ta fi ta ƙwallon ƙafa sauƙin ganewa nesa ba kusa ba, babu gardamar kafaɗa ko yatsan ƙafa da na'ura. Doka ɗaya ce: faifai ne zai fara ƙetare shuɗin layin abokan hamayya, sannan 'yan wasa. Wadda ta riga shi shiga ta yi satar gida. Shi ya sa za ka ga yarinya ta taho a guje, ta zo daf da layi ta ja ƙafa ɗaya a baya tana jiran faifai ya wuce. Idan kuma masu tsaron baya suka yi nasarar fitar da faifan bayan layin, dole duk masu kai hari su fito a sake shiga. Da ka gane wannan, ka gane rabin dabarun wasan.

Ɗaya dokar ita ce ta hana abin da muke kira "buga ta tafi daji". Idan ka doko faifai daga naka rabin filin ya wuce har layin ragar abokan hamayya ba wanda ya taɓa, sai a busa a dawo da shi gaban ragarku, kuma ba a yarda ku canza gajiyayyun da ke fili ba. Wannan horo ne mai zafi, ka lura da fuskokinsu.

Ba kati a wasan nan, akurki ake da shi. Wadda ta sa wa wata sanda a ƙafa, ko ta maƙalo ta, ko ta ɗaga sanda ta taɓa fuska, sai a kai ta wani ɗan ɗaki na gilashi a gefen fili ta zauna minti biyu, 'yan'uwanta su yi wasa su huɗu da mutum biyar. Idan aka ci su kafin lokacin ya cika, ta fito. Waɗannan minti biyun kada ka tashi ɗebo ruwa. Masu biyar za su kewaye raga suna miƙa wa juna faifai kamar masu rabon goro, masu huɗu su dunƙule a tsakiya suna zubewa ƙasa suna tare bugu da jikinsu, kuma su kaɗai aka yafe wa dokar buga ta tafi daji. A wannan gasa ta mata an hana bangaza da gangan irin wadda maza ke yi, amma kada wannan ya sa ka zaci rawa ake. Ana matse juna a katanga har gilashi ya yi ƙara, kuma kowace yarinya fuskarta a rufe take da ragar ƙarfe ko gilashi. A ganina rashin bangazar ma ya sa an fi ganin gwaninta.

Abin kunyata na biyu: na ga gola ta bar raga ta ruga benci saura minti ɗaya da rabi a tashi, na ce yarinyar nan fushi ta yi. Ashe koci ne ya kira ta. Idan ana bin ku ci ɗaya ko biyu lokaci ya ƙure, sai a cire gola a saka mai kai hari ta shida, raga ta zauna wayam. Ko a farke, ko a ƙara muku. 'Yata ta tsani wannan lokacin, ta ce ba abin da ya kai zama a benci kana kallon ragarka a buɗe ciwo.

Ba a tashi kunnen doki. Wanda ya ci cikin minti 60 maki uku gare shi. Idan an yi canjaras a tafi ƙarin lokaci, wanda ya fara ci ya gama, in ba a ci ba a yi bugun daga ke sai mai tsaron gida. Mai nasara maki biyu, wanda aka doke ɗaya. Bayan wasa uku-uku na rukuni sai sili ɗaya ƙwale. Ta ƙarshe a gasar ta faɗa ajin 'yan dagaji, zakarar ƙaramin aji ta hauro.

Sai maganar wa za ka goya wa baya, don kallo ba ɓangare kamar tuwo ne ba miya. Gaskiyar da ba ta ɓuya, daga 2008 zuwa 2025 ba ƙasar da ta ɗauki zinare in ba Amurka ko Kanada ba. Amurka ce ta fara, ta doke Kanada 5-2 a Calgary. Ni Kanada nake yi domin nan 'yata ta tashi, amma ba zan ruɗe ka ba, wasanninta na rukuni sau da yawa ba daɗin kallo, cin kaca ne. A 2023 a Östersund har wasan ƙarshe 10-0 ta yi wa Suwidin a gaban mutanenta, na kashe talabijin tun zango na biyu don tausayi. Idan ba ka da dangi a ko'ina, shawarata ka ɗauki Jamhuriyar Cek. A Zug ta Suwizalan a 2024 su ne suka fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da ci 4-2. Ranar Asabar ce, 'yata ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, ni kuwa a raina ina jinjina wa golarsu, ban dai furta ba. Amurka ta doke su 5-1 washegari, suka tafi da azurfa, a 2025 a Vantaa ta Finlan kuma suka samu tagulla, shekarar da Kanada ta karɓe kofin da ci 3-0 a kan Amurka.

Ka tanadi biro da takarda, ka rubuta lambar rigar duk yarinyar da ta tsaya maka a rai, domin a nan ake ganin manyan gobe tun ba su yi suna ba. Marie-Philip Poulin ta buga gasar 2008 da ta 2009, duk biyun azurfa ta samu. Shekara ɗaya bayan nan ita ta ci duka ƙwallaye biyun da Kanada ta doke Amurka da su a wasan ƙarshe na Olamfik a Vancouver. Sarah Nurse, wadda hotonta ke manne a ƙofar ɗakin 'yata, ta ci zinare a wannan gasa a 2013, a 2022 kuma ta zama baƙar fata ta farko da ta ci zinaren Olamfik a wasan mata.

In kana son bidiyo ɗaya da za ka fara da shi yau, nemi Nela Lopušanová ta Slovakiya a wasansu da Suwidin na 2023. Shekararta 14 a lokacin. Ta zagaya bayan raga, domin a wasan nan bayan raga ma fili ne, ta sa bakin sanda ta ɗauke faifan daga ƙanƙara kamar mai tsame ƙosai daga mai, ta zagayo da shi sama ta cusa ta saman kafaɗar gola. Slovakiya ce ta sha kashi a wasan, amma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar, da maki 12 na ci da taimaka wa ci a wasa biyar. Sau uku na maimaita kafin na ga inda faifan ya bi. Na kira 'yata na nuna mata ina ta zuzuta yarinyar, ta karɓi wayar ta mayar da bidiyon baya, ta tsayar daidai inda golar Suwidin ta durƙusa, ta ce, "Abba, dubi nan. Da ta manna kanta jikin ƙarfen, da ba ta shiga ba."