Matakan rage jinkirin karanta fayil a manhajar matse bidiyo

Masu ɗaukar bidiyon biki a Garwa da Marwa sun sha tambayata yadda za su rage daɗewar da MeGUI, wato manhajar matse bidiyo, ke yi tana tantance fayil kafin ta fara matsewa.

1. Ku kwafe fayil ɗin daga katin kyamara zuwa faifan cikin kwamfuta, an fi son SSD, wato faifai mai saurin karatu, domin manhajar tana bin fayil ɗin ne daga farko har ƙarshe.
2. Ku rufe duk manhajar da ke amfani da faifan.
3. Idan sunan fayil ɗin ya ƙare da .MTS, ku mayar da shi nau'in MKV da manhajar MKVToolNix, wadda ba ta rage kyawun hoto.
4. Ku bari tantancewar ta kammala.

Hattara: kada ku goge ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ffindex ko .lwi da tantancewar ke samarwa, in ba haka ba aikin zai koma farko.