Yadda za ka fara zanen eyaburosh a jikin mota da babur

Da farko dai eyaburosh daban yake da bindigar da masu fenti ke fesa mota gaba ɗaya da ita. Shi ƙarami ne, a yatsu ake riƙe shi, aikinsa zane: harshen wuta a tankin babur, kan zaki a bayan gingimari, inuwa a gefen rubutu, ko ado a jikin hular kwano. Yawancin masu farawa duk kuɗinsu a kansa suke zubewa, su manta da iska da shirin jikin ƙarfen, alhali a nan ne aiki yake lalacewa.

In za ka saya, nemi mai aiki biyu, wato ka danna kunamarsa ƙasa iska ta fito, ka ja ta baya fenti ya biyo, gwargwadon ja gwargwadon fenti. Mai aiki ɗaya ya fi sauƙin koyo amma ba ya nisa, wata ɗaya ka fi ƙarfinsa. Sai wurin zuba fenti: akwai mai kofi a sama, akwai mai kwalba a ƙasa. Mai kofin sama ba ya neman iska da yawa kuma wankinsa ba wuya, na ƙasan kuwa ya fi dacewa da wanda zai cika wuri mai faɗi yana ta canja kala. Ni dai na sama nake ba wa sabon shiga shawara, mai baki 0.3 ko 0.35mm. Kar a ruɗe ka da 0.2 wai shi ke fidda siririn layi, gaskiya ne yana fiddawa, amma fentin mota toshe shi yake yi kowane minti, har ka tsani sana'ar. Iwata Eclipse HP-CS na Jafan 0.35 ne kuma da yawa da shi suka fara, akwai Badger Patriot 105 da Paasche VL na Amurka, da Harder & Steenbeck na Jamus ga mai hali. 'Yan Cana masu araha ma ba laifi don koyo, illarsu robar da ke ciki, tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, tana kumbura ta sai ka ga fenti yana komawa baya wajen kunama. Ka tambaya ko abin tare fentin na Teflon ne, kuma ka sayi allurar da ke cikinsa da baki na safaya tun ranar, don allurar nan faɗuwa ɗaya take ta lanƙwashe.

To sai iska, a nan nake so ka tsaya. Kwamfaresar da za ka saya lallai ta zama mai tanki, ko da na lita 3 ne, saboda marar tanki iskarta tsalle take yi kuma za ka ga tsallen a jikin layinka. Dole ta kasance da rigileta mai agogo, wato abin daidaita ƙarfin iska, da kuma 'yar kwalbar nan mai tare ruwa. Ƙananan ba su da cin wuta, ƙaramin janareto ma ya ɗauke su in an ɗauke nefa. Idan a gareji kake kuma akwai babbar kwamfaresa irin ta masu faci, za ta yi, sai dai ka sa mata rigileta da matatar da ke tare ruwa da mai, kusa da inda kake aiki ba can jikin injin ba, don iska tana hucewa a cikin tiyo ruwa ya taru a hanya. Da damina abin ya fi tsanani, kana cikin yin idon zaki sai ka ji "fit", ɗigon ruwa ya fantsama a tsakiyar zanen, aikin awa biyu ya tafi. Kullum in ka tashi aiki ka kwance noti na ƙasan tanki ruwan ya tsiyaye, za ka yi mamakin jan ruwan tsatsa da zai fito. Ƙarfin iska kuwa ka fara daga 25 zuwa 30 PSI, ma'aunin da ke jikin agogon rigileta, ka sauko wajen 15 ko 20 in fentin ya yi ruwa-ruwa kuma kana aikin kusa-kusa.

Fenti iri biyu ne. Akwai na ruwa, irin su Createx Wicked, warinsu kaɗan ne kuma kayan aiki na wankuwa da sauƙi, sai dai suna bushewa a bakin allura, ka riƙa gogewa da farce a kai a kai, kuma suna son a bar kowane shafi ya bushe kafin a ƙara wani. Akwai kuma na tina, wato bes ɗin mota, fentin kalar da ake kira otobes, wanda House of Kolor ta yi suna a kai, kamfanin da Jon Kosmoski ya kafa a Amurka a 1956, musamman kalolin kandi masu nuna abin da ke ƙarƙashinsu. Waɗannan duk kayan oda ne, dala kuma ka san halinta. Amma otobes ɗin da masu haɗa kala ke sayarwa a kasuwa yana shiga eyaburosh lafiya lau in ka tsinka shi sosai ka tace. Ka sayi baƙi da fari da ja da shuɗi da rawaya kaɗan-kaɗan, sun ishe ka. Kaurin da ake nema kamar na madarar shanu sabuwar tatsa, in ka karkata kofin ya gangara ya bar ɗan farin sawu. In ya yi kauri zai fito da tsaki-tsaki, in ya cika ruwa kuma ka matso kusa sai ya watse ya yi ƙafafu ta ko'ina. Kowane fenti da abin tsinka shi na kamfaninsa, kar ka zuba fetur, kar kuma ka ɗora otobes a kan fentin mai na gida ko na gwangwanin feshi da ba ka san asalinsa ba, tinar za ta ci na ƙasan ya yamutse.

Shirin jiki kuma, in fentin abin hawan lafiyarsa ƙalau ba sai ka kankare shi ba. Wanke da omo, goge da maganin cire maiƙo, sannan ka bi shi da samfefa mai lamba 600 zuwa 800 da ruwa har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, duk inda ka bari yana sheƙi nan ne zai ɓare daga baya. In akwai lotsawa ko tsatsa a fara kai wa fanal bita, a yi fila a cike lotsawar, a yi firama, wato fentin ƙasa, tukuna. Bayan nan kar ka sake taɓa wurin da hannu tsirara, zufar yatsa kaɗai ta isa ta hana fenti kamawa. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan shago kafin ka fara, ka rufe ƙofa, ka bi jikin da tsumma mai danƙo na ɗauke ƙura.

Kafin ka taɓa kayan kowa, samo tsohon bonet ko ƙofa a wajen 'yan gwangwan, ko ma kwali da jarida. Ɗigo za ka fara yi, ƙanana da manya, jere-jere, sannan layi, sannan layin da ke farawa da kauri ya ƙare da tsini, wanda ake yi ta hanyar matsowa kusa kana sakin fenti a hankali hannu yana tafiya. Wannan na ƙarshen shi ne gashi, shi ne harshen wuta, shi ne gashin tsuntsu, kusan rabin zanen mota da shi ake yi. Dokar hannu guda ce: iska ta fara fita, fenti ya biyo, fenti ya tsaya, sannan iska. Wanda ya saki kunama lokaci ɗaya zai bar ɗigo a bakin allura, dannawa ta gaba ya tofa masa shi. Abin da ban haushi a makon farko, yatsa har ciwo yake, amma ba wata hanyar. Kuma ba abin kunya ba ne amfani da siririn tef da takardar da aka yanke siffa a jiki, manyan masu zanen ma da su suke fidda gefe mai kaifi, hannu ya zo ya yi inuwa. Ka riƙa yin shafi marar kauri sau da yawa, ka cire tef a hankali kana ja baya.

Zane ba ya zama haka nan, rana da fetur za su cinye shi, sai an rufe shi da kiliya, wato shafi marar kala mai sheƙi, mai hadina, sinadarin da ke sa ta tauri, wadda ake kira 2K. Ita ba da eyaburosh ake fesa ta ba, da babbar bindiga ce mai baki 1.3 ko 1.4, shafi biyu zuwa uku. Ka duba gwangwanin bes ɗinka, kowanne yana da wa'adin da za a rufe shi a ciki, wani 'yan awanni wani kwana guda. Hadinar nan tana da sinadarin isosayanet da ke jawo asma mai tsanani, takunkumin ƙyalle ko ɗaure hanci da rawani ba sa tare shi, shan madara bayan aiki ma ba ya wanke komai a huhu. Ko otobes za ka fesa ka sa takunkumi mai gwangwani biyu na tururin sinadari, ita kuwa 2K wanda ake turo wa iska ta tiyo ne ya dace da ita. In ba ka da shi, kai wa mai oben, wato ɗakin fesa mota, ya yi maka kiliyar ka biya shi, ka gaya masa shafin farko ya yi shi sama-sama kada ya jiƙa zanen ya narke.

Wanki kuma nan take ne, ba sai an dawo daga masallaci ba. Zubar da ragowar fentin, fesa abin tsinkawa har ya fito fari tas, kwance notin baya ka zare allura ka goge ta, ka mayar a hankali har ta zauna. Bakin kar ka ɗaure shi da ƙarfi, zarensa siriri ne yana karyewa a ciki, kuma kar ka jiƙa eyaburosh ɗin dungurungum a tina. In mai adaidaita sahu ko motar haya ya kawo maka aiki, ka tabbatar zanen bai rufe lamba da kalar da hukuma ta sa ba, kuma ka nuna masa hoton a takarda ya amince kafin ka sa samfefa a jikin kayansa.