Yadda Ake Koya wa Yara Kula da Doki da Kiyaye Kai a Barga

A birnin Kano da wuya a sami yaron da bai taɓa tsayawa bakin hanya yana kallon Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa ba, hawan da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2024. Abin da yaro yake gani a ranar shi ne kwalliya da sukuwa da jinjina, saboda haka idan aka kawo shi barga lokacin dogon hutu babu abin da ke ransa sai a ɗora shi kan sirdi. Wajibi ne mai koyarwa ya jure wa wannan naci, domin yaron da bai iya tsayuwa a ƙasa kusa da doki ba, bai kai ga sa ƙafa a likkafa ba.

Kafin a shiga da yara, a raba su ƙananan rukuni yadda babba ɗaya ba zai lura da fiye da uku ko huɗu ba, kuma a zaɓi doki mai shekaru wanda ya saba da hayaniya. Ingarma mai zafin kai da goɗiya mai shayar da duƙushi ba na koyo ba ne. A duba ƙafar kowane yaro. Silifa da tafiya ba takalmi haramun ne a barga, domin dokin da ya haura kilo 300 idan ya ɗora kofato kan yatsa ba ya sanin ya taka wani abu, sannan ƙwayar cutar sarƙewar haƙora tana rayuwa cikin ƙasa da kashin doki, tana shiga ta ƙaramin rauni.

Darasi na farko, wanda ya cancanci a ɓata masa kwanaki, shi ne yadda ake tunkarar doki. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma akwai wuri biyu da ba ya gani: daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Duk abin da ya ɓullo masa ta nan ba zato, shuri ko zabura ne amsarsa, ba don mugunta ba sai don tsoro. A koya wa yaro ya fara yi masa magana tun daga nesa, ya nufo shi ta kafaɗar hagu a hankali, ya ɗora tafin hannu a wuyansa, ba a fuska ba. Idan zai koma ɗaya gefen, ya zagaya can nesa inda ƙafa ba ta kaiwa, kuma kada ya kuskura ya sunkuya ta ƙarƙashin ciki ko ta ƙarƙashin igiyar da aka ɗaure dokin da ita, wanda shi ne abin da ƙananan yara suka fi son yi saboda gajartarsu. Tsofaffin masu barga ba sa yawan bayani a nan, sai dai ka ji ɗaya ya ce, "Yaro, dubi kunnensa." Idan yaron ya ce, "Baba, ya kwantar da su baya," sai a ce masa to ya ja da baya, dokin ya fusata. Kunnuwa a miƙe gaba alama ce ta sauraro, kaɗa wutsiya da ƙarfi da buga ƙafa a ƙasa kuwa gargaɗi ne.

Daga nan sai jan doki da ragama. Yaro ya tsaya daidai kafaɗar hagu, hannun dama ya riƙe igiya kusa da haɓa, ragowar kuma ya ninka ta a hannun hagu. Ninkawa aka ce, ba naɗewa ba. Igiyar da aka naɗe a hannu ko aka ɗaura a ƙugu tana iya karya yatsu ko ta ja yaro a ƙasa idan ƙarar babur ko ta bindigar gargajiya ta firgita dokin. A gaya masa a fili cewa idan doki ya fizge, to ya saki igiyar, kamo dokin aikin manya ne. Ɗaurin turke da sa dabaibayi ma manya ne za su yi, yara su kalla, sai dai a nuna musu ƙullin da ake warwarewa da fizga ɗaya.

Ciyarwa ita ce aikin da yara suka fi jin daɗinsa, kuma a nan ne sukan yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, don haka abin da ya shiga ya shiga. A ba shi harawa ko ciyawa kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, dusa da dawa ko gero kuwa da awo, ba a sauya masa abinci rana ɗaya. A sa yara su shinshina harawa su buɗe damin, su jefar da wadda ta yi fumfuna, su tsince leda da guntun waya daga cikin komi. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 na ruwa a rana, fiye da haka ma a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, saboda haka cika bokiti da wanke shi aiki ne da za a damƙa wa yaro ya ɗauke shi nasa. Idan zai miƙa wani abu da hannu, ya shimfiɗa tafinsa yatsu a haɗe.

Goge jiki da burushi ana bin kwanciyar gashi ne daga wuya zuwa baya, ana taje geza, ana duba kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, amma babba ne zai cire ta. Sakace kofato sai yaron da ya tasa, a tsaye a sunkuye, ba a zaune ko a durƙushe ba, domin ya iya kaucewa. Shara kuwa ta kowa ce, safe da yamma, kuma a mayar da cebur da manjagara mazauninsu.

Batun wuta ba a yi masa sassauci, musamman da hunturu lokacin da harawa ta bushe ƙayau kuma masu gadi ke hura wuta don jin ɗumi. Babu ashana, babu garwashi, babu maganin sauro na kunnawa kusa da rumbun harawa, kuma kowane yaro ya san ƙofar fita da inda za a taru.

A ƙarshe a koya musu kai rahoto. Dokin da ya ƙi cin abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa ko birgima, yana iya zama ciwon ciki ne, wanda kan kashe doki cikin sa'o'i, sai a kira likitan dabbobi nan take. Yaron da ya kiyaye waɗannan duka shi ne za a sa wa hular kwano, a duba majayi ya ɗauru, a ɗora shi, babba yana riƙe da ragama, a fara da tafiya a hankali cikin fili mai shinge, ba kilisa a kan titi ba.