Sauti ya ɗauke a laftop ɗinka mai Linux? Kar ka yi saurin yin fomat

Salamu alaikum jama'a. Wannan bayanin saboda 'yan uwa ne masu shagon caji da tura karatu a memori, da ɗaliban da suka sa Ubuntu ko Linux Mint, wato nau'o'in Linux, a tsofaffin laftop irin su HP da Dell da ThinkPad da ake sarowa daga Kano, musamman mu na wajen Ringim, Taura, Garki har zuwa Gumel, inda in kwamfuta ta ƙi sai ka biya kuɗin mota zuwa birni kafin ka samu mai duba ta. Abin da ke damuna shi ne da zarar sauti ya ɗauke sai ka ji an ce a yi fomat kawai, a share wa mutum fayilolinsa, alhali sau da yawa gyaran ba ya ma buƙatar data.

Ka fara sanin wannan: a Linux ba a zuwa intanet neman direban sauti a sauko da shi kamar yadda aka saba a Windows. Direban yana cikin kenel, wato zuciyar manhajar, a wani sashe da ake kira ALSA. A samansa akwai mai rarraba sauti ga manhajoji, a da PulseAudio ne, yanzu PipeWire ya karɓe shi, Fedora, wani nau'in Linux, ta fara sa shi a 2021, Ubuntu ta bi daga 22.10, Mint kuma daga 22. Ka ɗauka kamar ruwan burtsatse ne, ALSA shi ne injin da ke janyo ruwan, PipeWire tanki da bututu, madannin ƙara murya kuma kan famfo. In ruwa bai zo ba ai ba injin ake fara kwancewa ba.

To mu fara daga kan famfon. Shiga Settings ka buɗe Sound ka duba Output. In ka taɓa jona laftop ɗin da talabijin ta wayar HDMI, kamar masu gidan kallon ƙwallo, wani lokacin sautin yana maƙalewa a can ko bayan ka zare wayar, sai ka zaɓi Speakers ko Built-in Audio da kanka. Haka in akwai sifikar Bluetooth a kusa da ka taɓa haɗawa, ita ma takan ɗauke sautin. Amma in ka ga an rubuta Dummy Output shi kaɗai, wannan alamar kwamfutar ba ta ga katin sautin ba ne gaba ɗaya, za mu zo kansa.

Sai ka danna Ctrl da Alt da T tare, Terminal zai buɗe, baƙin allon nan da mutane ke tsoro, babu abin tsoro a ciki wallahi. Rubuta

alsamixer

ka danna Enter. Za ka ga sanduna a tsaye. Danna F6 ka zaɓi katinka, yawanci sunansa HDA Intel PCH. Yanzu ka kalli ƙasan kowace sanda da kyau, in ka ga MM to an toshe ta ne, ka je kanta da kibiyar dama ko hagu ka danna harafin M za ta koma 00, sannan ka ɗaga ta da kibiyar sama. Master, Speaker, Headphone da PCM su ne masu muhimmanci. Ka ci gaba da matsawa dama har ka samu Auto-Mute Mode, kuma a nan nake so ka nutsu domin matsalar yankinmu ce sosai. Aikinsa shi ne ya kashe sifika idan an sa iyafis, to lokacin hunturu ƙura tana cika ramin iyafis ɗin, ko ramin ya saki saboda yawan sa wayar amfilifaya da zarewa a wajen biki ko wa'azi, sai kwamfutar ta ɗauka har yanzu akwai iyafis a jiki ta rufe sifikar. Ka mayar da shi Disabled da kibiya. In sauti ya dawo nan take ka gano mai laifin, sai ka kashe laftop ɗin ka hure ramin, kar dai ka cusa allura ko waya. Danna Esc ka fita, sannan ka rubuta sudo alsactl store domin ya riƙe saitin, zai tambayi faswod, kana rubutawa ba za ka ga komai a allo ba, haka yake, ka rubuta kawai ka danna Enter.

Don gwaji kuwa ga wannan

speaker-test -c 2 -t wav

za ka ji muryar mace tana cewa Front Left, Front Right, in ka ji ta ka danna Ctrl da C ta tsaya.

In har yanzu shiru ne sai mu duba tanki. Rubuta pactl info ka karanta layin Server Name, in akwai PipeWire a ciki sai ka sa

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

in kuma PulseAudio ne zalla, kamar a Ubuntu 22.04 ko Mint 21, pulseaudio -k ya isa, zai mutu ya sake tashi da kansa. Wani lokacin saitin ne ya rikice saboda an ɗauke wuta baturi kuma ya mutu kwamfutar ta faɗi ba shiri, sai ka goge tsohon saitin da rm -r ~/.config/pulse ga mai PulseAudio, ko rm -r ~/.local/state/wireplumber ga mai PipeWire, ka yi ristat. Don Allah wannan umarnin na rm ka rubuta shi daidai harafi da harafi, ba ya tambaya kuma abin da ya goge ya tafi kenan.

Yanzu ga Dummy Output ɗin. Rubuta aplay -l, da ƙaramin harafin L. In ya lissafo card 0 da sunansa to direba na aiki, koma baya ka sake duba abin da muka wuce. In ya ce no soundcards found sai ka sa

lspci -k | grep -A3 -i audio

ka nemi layin Kernel driver in use, a tsofaffin laftop snd_hda_intel ya kamata ka gani. In katin ya fito amma babu wannan layin, a ganina abu na farko da za ka zarga a wajenmu shi ne afdet da ya yanke a tsakiya. Kana cikin afdet da hotspot ɗin waya data ta ƙare, ko netwok ya gudu, ko mai janareto ya kashe, sabon kenel ya shiga amma kunshin linux-modules-extra da ke ɗauke da direbobin sauti a yawancin fitowar Ubuntu da Mint bai gama shiga ba, shi ya sa sau da yawa za ka ga Wi-Fi ma ya ɓace tare da sautin rana ɗaya. Maganinsa, ka yi ristat kana riƙe da Shift ko kana ɗan danna Esc har allon GRUB, wato allon zaɓin abin da kwamfutar za ta tashi da shi, ya fito, shiga Advanced options ka zaɓi kenel na baya, mai ƙaramar lamba. In sauti ya dawo a can shi kenan an kama ɓarawon. Daga nan ka tabbatar da caji da data, ka sa sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install, sannan sudo apt update da sudo apt upgrade, ka bar shi ya gama kafin ka koma sabon. Ni shawarata kar ka fara afdet sai rana ta take sola na ba da wuta sosai, ko kana wajen da ka san ba za a kashe ba.

Masu laftop sababbi-sababbi na Intel tasu matsalar daban ce, katinsu na buƙatar abin da ake kira SOF, wani firmware ne, wato 'yar manhajar da katin sautin kansa ke aiki da ita. Ka sa sudo dmesg | grep -i sof, in ka ga yana kukan bai samu firmware ba sai sudo apt install firmware-sof-signed, ba shi da nauyi. In ya ƙi duk da haka akwai hanyar tilasta masa tsohon direba

echo "options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1" | sudo tee /etc/modprobe.d/sauti.conf

ka yi ristat. Sai dai ka sani makirfon na jikin laftop ɗin yana iya daina aiki, in kana karatu ta Zoom ne ka yi tunani tukunna. In bai yi amfani ba ka cire shi da sudo rm /etc/modprobe.d/sauti.conf.

Wanda ke da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ka shiga Power Options na Windows ka kashe Fast Startup, domin ba ya sakin kayan kwamfutar gaba ɗaya idan ka kashe ta. In kuma lspci bai nuna katin ba sam, leƙa BIOS, wato allon saitin kwamfutar da ake shiga ta danna madanni da zarar an kunna ta, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ka ga ko an kashe Audio a can.

Duk an yi wannan shiru? To ɗauko filashin da aka sa maka Linux da shi ka tashi kwamfutar daga kansa ba tare da ka danna Install ba, ka gwada da sifika ka gwada da iyafis. In a nan sauti ya fito, matsalar saiti ce a cikin naka. In iyafis na yi sifika ba ta yi kuma Auto-Mute a kashe yake, mai yiwuwa sifikar ce ta ƙone ko wayarta ta cire, aikin mai gyara ne. In duka biyun shiru ne to fomat ɗin ma da wuya ya tsinana komai, kuma ba sai an canza bod, wato babban allon cikin kwamfutar ba, akwai ɗan katin sauti na USB mai kamar filashi da rami biyu, na iyafis da na makirfo, ka yi sautu ga mai shiga Kano ya duba maka a kasuwar titin Beirut ko ta Farm Center, kana sa shi Linux zai gane shi ba tare da ka sauko da komai ba, sai ka zaɓe shi a Output.

In za ka nemi taimako a wajen wani, kar ka ce masa sauti ba ya yi kawai, ɗauki hoton abin da aplay -l da lspci suka nuna da wayarka, ka haɗa da sunan laftop ɗin da lambar Ubuntu ko Mint ɗin da ke kai, ka tura masa ta WhatsApp.