Yadda za ka ɗauki hoton shingen gona da kaka

1. Fita da sassafe, tun rana ba ta shanye raɓa ba. Oktoba ya fi, kafin hazo ya dusashe launuka.

2. Goge idon kyamarar wayarka.

3. Bi shingen aguwa ko bini-da-zugu a hankali. Nan ne abin kallo yake: saƙar gizo-gizo jiƙe da raɓa, fara a kan ganye, jan zoɓo a gefen gona. Amma kula, ruwan aguwa na cutar da ido.

4. Durƙusa ka matsa kusa, ka bar zuƙowa da yatsa, tana ɓata hoto. Sa rana a bayan ganyen, za ka ga jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

5. Taɓa allon daidai wurin da kake so ya fito fes, jira iska ta lafa, sannan ka danna.